Wrest Park: Gidan masu sarauta da ya koma asibitin sojoji

 Duk ginin da kuka gani, akwai mutumin da mai zanensa ya sa a ransa tun kafin a haƙa harsashi. Ajin da kuke zama an yi shi ne don yara da yawa su fuskanci allo guda. Shagon kasuwa an yi shi don mai wucewa ya hango kaya, shi ya sa ƙofarsa take da faɗi. Tambayar da ta dame mu ita ce: idan ginin da aka yi wa wani ya faɗa hannun wanda ba a taɓa tunaninsa ba, me ke faruwa? Wane sashe na ginin ne zai karɓi baƙon, wane sashe ne zai ƙi shi?

Mu huɗu ne, 'yan Arewa da karatu ya haɗa a garin Luton na ƙasar Ingila. Biyu daga cikinmu aikin jinya suka karanta, ɗaya zanen gine-gine, ɗaya kuma injiniya ne. Kimanin kilomita 16 arewa da Luton akwai wani ƙauye mai suna Silsoe, a yankin Bedfordshire, kuma a gefensa gidan Wrest Park yake. Ba a furta harafin farko na sunan, "Rest" ake cewa. Mun je gidan fiye da sau ɗaya, kuma har yau ba mu gama gardama a kansa ba. Masu jinyar cikinmu abin da suke gani daban, mai zanen gini abin da yake gani daban, alhali bango ɗaya suke kallo.

Zuri'ar de Grey sun riƙe wannan wuri fiye da shekara 600. Ginin da ke tsaye yanzu bai kai haka tsufa ba, tsakanin 1834 da 1839 aka gina shi. Don ku kwatanta, a wajejen wannan lokaci ne Babban Gwani yake gina Masallacin Juma'a na Zariya, a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu. Wanda ya gina Wrest Park shi ne Thomas de Grey, mai riƙe da sarautar da Turawan Ingila suke kira Earl, wato babban basarake mai filaye da manoman da ke biyansa haya. Ya gaji wurin a 1833 daga yayar mahaifiyarsa, ya tarar da tsohon gidan kakanninsa, wanda aka yi ta ƙara wa ɗaki a kan ɗaki shekara da shekaru, ya ga bai yi masa ba, ya sa aka rushe.

Abin da ya bambanta shi da sauran masu sarauta shi ne bai ɗauko wani ya zana masa gidan ba. Da kansa ya zana. Ba sana'arsa ba ce, sha'awa ce, amma sha'awar ta yi nisa, don shi ne shugaban farko na ƙungiyar masu zanen gine-gine ta Birtaniya da aka kafa a 1834, kuma ya riƙe kujerar har ya mutu a 1859. Ya zaga birnin Paris, ya yi nazarin littattafan zanen gini na Faransawa, musamman na wani mai suna Jacques-François Blondel, sannan ya dawo ya dasa gidan Faransawa a tsakiyar gonakin Ingila. Ku tuna a 1815 aka yi yaƙin Waterloo, inda Ingila da ƙawayenta suka karya Napoleon na Faransa. Shekara 19 kacal bayan haka, ga basaraken Ingila yana kwaikwayon ginin abokan gābar jiya, a lokacin da takwarorinsa suke yayin ginin Girkawa ko na tsofaffin majami'u. Ko mutum bai so gidan ba, zai yarda cewa mai shi ba ya jiran a gaya masa abin da zai so.

Idan kuka tsaya a gabansa, abin da zai fara ɗaukar idonku shi ne tsawonsa a kwance, daga gabas zuwa yamma, sai kuma rufinsa. Rufin iri ne da ake kira mansad, daga sunan wani mai zanen gini Bafaranshe na ƙarni na 17, François Mansart. Gangara biyu gare shi: ta ƙasa a miƙe take kusan kamar bango, ta sama kuma a kwance. Dabarar ita ce ana samun ɗakuna a cikin rufin kansa, da tagoginsu suna leƙowa. Daga waje ado ne, daga ciki ƙarin hawa guda ne. Amma ƙashin irin wannan rufi katako ne, kuma ta cikinsa bututun hayaƙi suke ratsawa su fita sama. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Ƙofar shiga tana fuskantar arewa. Da an shiga sai wani makeken fili mai matakala, haske yana saukowa daga can sama, matakalar ta rabu biyu, bangon cike da hotunan kakanni. Nan ne zauren gidan, idan za mu ara masa suna daga wajenmu, sai dai aikinsa kishiyar na zaurenmu ne. A gidan Bahaushe, magini da gangan yake karkatar da ƙofar zaure da ta shigifa don kada su daidaita, saboda wanda ya tsaya a waje kada idonsa ya kai tsakar gida. A Wrest Park da gangan aka daidaita ƙofofi. Manyan ɗakunan ƙasa an jera su a ɓangaren kudu, ɗaya na bin ɗaya, ɗakin karatu a tsakiya, falo a gefe, kuma ƙofofinsu a layi guda suke. Idan aka buɗe su duka, mutum zai tsaya a wannan ƙarshen ya hango wancan. Bahaushe yana gina gida ya ɓoye abin da ya mallaka. Thomas de Grey ya gina nasa don baƙo ya ƙirga.

Akwai wani wuri guda da wannan dabara ta taɓa mu. A ƙarshen yamma ya yi wa matarsa Henrietta ɗakin zama, ya haɗa shi da ɗakin gilashi na rainon furanni, ya daidaita ƙofofin da na lambunan da ke gaba, yadda tana zaune a kujerarta idonta zai ratsa furanni har cikin lambu mai katanga. Ɗaya daga cikin masu jinyarmu ta ce wannan ne kaɗai sashen gidan da aka zana don jin daɗin mutum ɗaya tak, ba don burge jama'a ba. Mai zanen ginin cikinmu bai yi musu ba.

Me ya sa kudu? Wannan darasin labarin ƙasa ne da kuka riga kuka sani. Ingila tana can arewa ƙwarai, saboda haka rana da tsaka kullum a kudu take, kuma da hunturu ko sama ba ta haurawa sosai. Mu a Kano ko Maraɗi gudun rana muke yi: bango mai kauri, taga ƙarama, inuwar bishiya a tsakar gida. Su farautar rana suke yi. Shi ya sa ɗakunan alfarma duka suka juya mata fuska, da dogayen tagogi da suke saukowa kusan har ƙasa, wasu ma ƙofofi ne da ake buɗewa a fita kan dandamalin dutse. Daga dandamalin lambu ya miƙe, sama da eka 90, da dogon tafki na haƙa, a can ƙarshensa kuma wani ɗan gini mai ƙubba da Thomas Archer ya zana tsakanin 1709 da 1711, wanda ya girmi gidan da fiye da shekara 120. An saita tsakiyar gidan da wannan ƙubba kamar an ja zare.

Tagogin ma magana ce. Daga 1696 zuwa 1851 a Ingila ana biyan haraji gwargwadon yawan tagogin gida, har wasu masu gidaje suka riƙa toshe nasu da bulo don rage kuɗin. Lokacin da ake gina Wrest Park harajin yana nan. Ke nan kowace taga a jikin wannan bango shela ce cewa mai gidan bai damu da abin da za a caje shi ba. Talakan birni kuwa, musamman mai haya a gidan da aka yanka ɗaki-ɗaki, shi ne ya zauna cikin duhu da iska marar kyau.

A gabas kuma akwai wani gidan a manne da gidan: kicin, ɗakunan ajiya, wurin wanki, ɗakunan barori, sai bargar dawaki can gaba. A manyan gidajen Ingila na wancan zamani ƙa'idar ita ce a ga aiki, kada a ga mai aikin. Ɗakuna suna da murhun jin ɗumi, kuma wani ne zai ɗauko kwal ya hau da shi, ya kwashe toka, ya kai ruwan zafi, ta ƙananan matakalai na baya, ba ta babbar matakala ba. Duk wanda ya je irin waɗannan gidaje ya tsaya a kan zinaren silin kawai, rabin gidan ya gani.

Zuwa farkon ƙarni na 20 masu gidan sun rage zama a ciki. An ba jakadan Amurka, Whitelaw Reid, hayarsa na wasu shekaru har ya mutu a 1912. Mai gidan a lokacin shi ne Auberon Herbert, mai sarautar Lord Lucas, wanda danginsa suke kira Bron. Ya rasa ƙafa ɗaya sakamakon raunin da ya samu a yaƙin Boer na Afirka ta Kudu, inda ya je a matsayin ɗan jarida, don haka ya san abin da kwanciyar jinya take nufi. Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke a watan Agusta na 1914, sai ya miƙa gidan a yi jinyar sojoji. Ƙanwarsa Nan Herbert ce ta ɗauki nauyin shirya shi. Abokinsu J.M. Barrie, marubucin labarin Peter Pan, ya ba da fam 1,000. Ranar 7 ga Satumba, 1914, sojoji 66 na farko suka iso, masu murmurewa da aka kawo daga asibitin Landan. Kafin shekarar ta ƙare an mai da wurin cikakken asibiti, mai karɓar raunuka kai tsaye daga fagen fama.

Ba Wrest Park kaɗai ba ne. A tsawon yaƙin an buɗe asibitocin wucin gadi sama da 3,000 a Birtaniya, a makarantu, da zaurukan taro, da gidajen masu kuɗi, saboda asibitocin da ake da su ba za su iya ɗaukar abin da ke zuwa ba. A ranar farko kawai ta yaƙin Somme, 1 ga Yuli, 1916, sojojin Birtaniya sama da 57,000 aka kashe ko aka raunata ko suka ɓace. Yaƙin nan bai tsallake mu ba, ko da yake ba kasafai ake faɗa muku a aji ba. A ƙarshen Agustan 1914, kwanaki kaɗan kafin a kwantar da mutum na farko a Wrest Park, sojojin Rundunar Najeriya, cikinsu da Hausawa da yawa, suna fafatawa da Jamusawa a Garwa ta ƙasar Kamaru. Waɗanda suka ji rauni a can babu wanda ya kai su gida mai silin zinare.

To, ta yaya falo yake zama ɗakin jinya? Farko aka kwashe kujeru da tebura da kayan ado aka adana. Sannan aka lulluɓe bangon mai sassaƙa da ruwan zinare da yadi marar ado, irin akoko ɗin nan da kakanninku suka sani. Aka jera gadajen ƙarfe. Aka ware ɗakin tiyata da ɗakin ɗaukar hoton ƙashi. Waɗanda rauninsu ya fi tsanani aka kwantar da su a manyan ɗakunan ƙasa, saura a sama. Gadaje suka kai 150, daga baya suka ƙaru zuwa wajen 200.

A kan wannan yadi gardamarmu ta fara. Mai zanen gini ya ce an rufe bangon ne don a kare adon daga sojoji, kada gado ya goge shi, kada hannu ya ɓata shi. Wato ko a cikin yaƙi, masu gida dukiyarsu suka fara tunawa. Masu jinya suka ce a'a, sojojin aka kare daga adon. Ɗayarsu ta nuna masa wata sassaƙar furanni a jikin bango, ta ce: "Yaya, sa yatsanka a cikin wannan lungun. Wa zai wanke shi kullum? Da me?" Kowane lanƙwasa a filasta ma'ajiyar ƙura ce, ƙura kuwa ga buɗaɗɗen rauni ba ƙaramin abu ba ne. Mu dai a ganinmu duka biyun gaskiya ne, kuma babu laifi yadi ɗaya ya yi aiki biyu. Amma idan dole ne mu zaɓa, hujjar masu jinya ta fi nauyi, kuma ga dalili.

Shekaru da dama kafin wannan yaƙi, Florence Nightingale ta dawo daga yaƙin Crimea, inda ta ga cuta tana kashe sojoji fiye da harsashi. A 1859 ta fitar da littafi a kan yadda ya kamata a gina asibiti. Abin da take so mai sauƙin faɗa ne: dogon ɗaki guda, gadaje wajen 30 a jere gefe da gefe, tagogi a bango biyu masu fuskantar juna don iska ta shiga ta nan ta fita ta can, silin mai tsayi, bango da daɓe masu santsi da za a iya wankewa, kuma kowane ɗaki a ware yake da ɗan'uwansa. A kan wannan tsari aka gina asibitin St Thomas na Landan da aka buɗe a 1871. Idan kun taɓa zuwa dubiya wani tsohon babban asibiti a garinku kuka ga dogon ɗaki mai tagogi hagu da dama, da baranda mai rufi tana haɗa shi da na gaba, jikan wannan tunani kuka gani.

Idan aka auna Wrest Park da wannan ma'auni, ya ci wasu darussan, ya faɗi wasu. Ya ci a tsayin silin. Thomas de Grey ya ɗaga silin ne don baƙo ya ji kansa ƙarami, amma iskar da ke saman gadon majinyaci ba ta tambayar dalili. Ya ci a haske, saboda tagogin kudu. Ya ci a faɗin ƙofofi, waɗanda aka yi don mata masu manyan riguna su wuce da abokan tafiyarsu, sai ga shi gado ma yana wucewa. Layin ƙofofin da aka yi don alfahari ya ba nas damar tsayawa wuri guda ta hango ɗakuna da yawa, kuma duk wadda ta taɓa aikin dare ita kaɗai da marasa lafiya masu yawa ta san darajar wannan. Ya ci a dandamali da lambu. Ku tuna ba a gano fenisilin ba sai 1928, kuma bai shiga hannun likitoci sosai ba sai a Yaƙin Duniya na Biyu. Sojan 1915 yana zuwa da raunin da ƙasar gonakin Faransa da Beljiyam, mai cike da taki, ta shiga ciki. Abin da likita yake da shi shi ne wuƙa, da ruwan wanke rauni, da tsabta, da abinci mai kyau, da iska, da rana. Gidan yana da biyun ƙarshe a wadace.

Inda ya faɗi kuwa, ya faɗi sosai. Yawancin ɗakunan tagoginsu a bango ɗaya suke, don bayansu wasu ɗakunan ne, saboda haka iska ba ta ratsawa yadda Nightingale take so. Layin ƙofofin nan da muka yaba yana da wata fuskar: ɗaki yana buɗewa cikin ɗaki, ƙafa ba ta yankewa, kuma da wuya a ware mai cutar da ke yaɗuwa. Ga matakala. Babbar matakalar an yi ta ne don a sauko a hankali ana kallon mutum. Masu jinyarmu suka tsaya a gindinta suna lissafin yadda za a hau da ƙato kwance a kan gadon ɗauka, a juya da shi a kwana, ba tare da an girgiza karyayyar cinya ba. Ga nisan kicin, wanda aka kai can gabas don kada ƙamshin girki ya damu masu gida. Gidan da aka tsara don iyali ɗaya da baƙinsu da barorinsu, yanzu shi ne zai ciyar da mutum 200, ya yi musu wanka, ya wanke zannuwan gadonsu, ya kwashe bayan gidansu. Injiniyan cikinmu, wanda ba ya yawan magana, ya ce duk wanda yake son ya san ko gini zai iya zama asibiti, kada ya kalli falo, ya je ya ƙirga famfo da magudanar ruwa.

Akwai wani abu da ya fi tsaya mana a rai. Sojan da aka raunata a Faransa ana ɗauko shi a jirgin ƙasa zuwa gaɓar teku, a tsallako da shi a jirgin ruwa, a sake sa shi a jirgin ƙasa zuwa tashar Ampthill, sannan mota ta kawo shi Wrest Park. Yana isowa da laka da jini a jikin kakinsa, da ƙwarƙwatar da ta addabi kowa a ramukan yaƙi. Don haka ba a wuce da shi ɗakin kwanciya kai tsaye. A ɓangaren barga ake fara tsayawa, a tuɓe shi, a wanke shi, a kashe ƙwarin da ke kayansa, sannan a shigar da shi. Ta fuskar kiwon lafiya wannan daidai ne, yau ma da haka za a yi. Amma ku dubi yadda taswirar gidan ta yi aiki: waɗannan ƙananan sojoji ne, 'ya'yan manoma da leburori da ma'aikatan masana'antu, irin waɗanda a lokacin zaman lafiya ta baya kawai za su iya shiga gidan. Yaƙi ya zo, ta bayan dai suka shiga. Bambancin shi ne wannan karon ba a tsayar da su a kicin ba, an wuce da su har ɗakin da ya fi kowanne kyau, an kwantar da su suna kallon lambun da sarkin Ingila Edward na Bakwai ya taɓa zuwa gani.

Ɗaya daga cikinmu yana ganin wannan abin kunya ne ga masu sarautar, a ce sai da harsashi ya fasa wa talaka ƙafa kafin ya cancanci taga mai rana. Wata kuma tana ganin ba a kyauta wa Nan Herbert ba idan aka tsaya a nan. Matar nan ba ta tashi da sanin aikin jinya ba. Ta je ta koya a wani asibitin Landan, ta dawo, a 1915 ta zama shugabar nas-nas ta gidan, ta riƙe aikin har ƙarshe, kuma ta bar littafin da take rubuta abubuwan yau da kullum da hotuna, waɗanda su ne suka sa aka san labarin asibitin dalla-dalla. Tana iya ba da gidan ta koma Landan ta huta, kamar yadda ba wanda zai zarge ta. Ba mu ga dalilin da zai sa a jefar da ɗaya daga cikin maganganun biyu ba.

Waɗanda suka fara samun sauƙi ana ba su shuɗin kaya da jan laƙataye, irin wanda sojoji masu jinya suke sawa a duk Birtaniya a lokacin. Suna yawo a lambu, suna kamun kifi da tuƙa kwalekwale a tafki, suna wasannin kwaikwayo da kaɗe-kaɗe, Barrie kuma yana zuwa ya shirya musu wasanni. Ba mu so ku ɗauka daɗi ne zalla. Wanda ya warke sarai ana mai da shi fagen fama ne. A cikin shekara biyu, kimanin mutum 1,600 suka kwanta a gidan.

Wannan ba labarin da ya yi muku nisa ba ne, ko da yake a Ingila ya faru. A 2020, da annobar korona ta zo, an kafa wurin killace marasa lafiya a filin wasa na Sani Abacha da ke Kano, wurin da aka gina don ƙwallo. Wasunku za su zama likitoci ko nas, wasu masu zanen gini, wasu injiniyoyi, kuma wata rana za a iya nuna muku makaranta ko zauren taro a ce nan da kwana uku ana son gadaje 50 a ciki. Abin da za ku duba shi ne abin da Nan Herbert da likitocinta suka duba: ta ina iska take shiga, ta ina take fita, ina ruwa, ina magudana, gado zai wuce ta ƙofar nan, ta ina mai datti zai shiga ba tare da ya ratsa ta kan mai rauni ba, kuma idan wuta ta tashi ta ina za a fitar da wanda ba ya iya tafiya.

Wutar kuwa ta tashi. Ranar 14 ga Satumba, 1916, ana tsakiyar yaƙin Somme, gobara ta kama daga wani bututun hayaƙi ta shiga rufin. Rufin mansad ɗin nan da ya ba gidan kamannin Paris, da katakonsa da ya yi kusan shekara 80 yana bushewa, shi ya ba wutar hanya. An fitar da marasa lafiya duka, babu wanda ya mutu, aka rarraba su wasu asibitocin da ke kusa. A nan ma faffaɗan ƙofofi da dandamalin kudu sun yi rana, don waɗanda ba sa iya tashi a ƙasa suke, kusa da mafita. An kashe wutar kafin ta cinye gidan, amma abin da wuta ta bari a sama ruwan kashe ta ya jiƙa a ƙasa. Asibitin bai sake buɗewa ba.

Mako bakwai bayan gobarar, ranar 3 ga Nuwamba, 1916, aka harbo jirgin saman Bron a fagen yaƙi a Faransa. Ya bar kujerar minista ya koyi tuƙin jirgin yaƙi da ƙafarsa ɗaya, yana da shekara 40 ya mutu. Nan ta gaji gidan, ta sayar da shi a 1917, zaman zuri'ar de Grey na sama da shekara 600 a wurin ya ƙare. Attajirin da ya saya ya sare bishiyoyi da yawa, ya sayar da wasu gumakan lambun. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu wani kamfanin inshora ya mai da gidan ofishinsa don guje wa bama-baman Landan. Bayan yaƙin gwamnati ta karɓe shi, ya zama cibiyar binciken injunan noma na kusan shekara 60, ana gwada taraktoci a filayen da ke kewaye. A 2006 hukumar English Heritage mai kula da wuraren tarihi ta karɓi wurin, ta shiga gyaran lambun da ɗakunan ƙasa. Yau ana sayen tikiti a shiga, wasu ɗakunan an ba kamfanoni haya sun yi ofis, kuma ana karɓar hayar wurin a yi bikin aure.